Jinin da Na Bayar da Sunan Ƙanwata

Mu biyu aka haifa rana ɗaya, a wani ƙauye da ke bakin Komadugu, gabas da Diffa. Ni na fara fitowa, ita ta biyo ni kafin ruwan wanka ya huce, kuma a kan wannan 'yar tazara ta yi shekara hamsin da wani abu tana kira na Yaya, rabi girmamawa rabi tsiya. Kamarmu ta ɓaci. Mahaifiyarmu kaɗai ke rarrabe mu, ita ma sai mun buɗe baki, don ni bakina ba ya shiru, ƙanwata kuwa sai ta auna magana kafin ta sake ta.

Tun muna yara muka gane kamar nan abin amfani ce. Shekarar da aka zo ƙauyenmu neman yaran da za a sa lakwal, wato makarantar boko, mai gari ya ce kowane gida ya ba da ɗaya. Babanmu ya ba da suna guda, ya bar mu mu san yadda za mu yi da shi. Yau ni, gobe ita. Malamin ya sha mamakin yarinyar da ke iya karatu ran Litinin ta wayi gari ran Talata ba ta san ko baƙi ɗaya ba. Daga baya ta ce zaman benci yana sa mata ciwon baya, ta bar mini makarantar. Haka na zama malama a garin Diffa, ita ta auri manomin tattasai ta zauna a bakin kogi.

Rabuwar gida ba ta hana mu tsaya wa juna ba. Hoto ɗaya muka ɗauka aka manna a katin shaidarmu mu biyu. In an yi rasuwa a dangi a cikin gari, ni ke zuwa gaisuwa, a ce ta zo. In suna aka yi a ƙauye, ita ke zuwa, a ce na zo, har a yaba mini cewa boko bai ɗauke ni ba. Dangi sun sani, ba wanda ya taɓa kiran abin ha'inci. A wajen mutanenmu tagwaye irinmu mutum ɗaya ne, jikinsu ɗaya, jininsu ɗaya, wanda ya ga ɗaya ya ga biyu. Da wannan muka tashi, kuma shekara talatin na riƙe alli ban taɓa zama na tambayi kaina ko gaskiya ne ba.

Sau ɗaya kawai aka taɓa ƙi na. A shekarun da aka tayar da mutanen bakin kogi saboda rashin tsaro, ƙanwata da iyalinta sun zauna a wata bukka kusa da kwalta, aka rubuta su cikin masu karɓar abinci. Ranar wani rabo zazzaɓi ya kwantar da ita, na yafa lafayarta na shiga layi. Da na iso gaba aka ce in ɗora babban yatsa a kan wata 'yar na'ura. Na ɗora, ta ƙi. Na goge yatsan da bakin zane na sake ɗorawa, ta sake ƙi. Na yi wa ma'aikacin tas, na ce sun kwaso mana lalatattun kaya daga ƙasarsu, na fita ina huci. Da yamma muka yi ta dariyar na'urar ni da ita. Ban ɗauki darasin komai ba.

Bayan an ba su izinin komawa gonakinsu, wata ranar kasuwa ta shigo gidana da ƙunshin kifi busasshe. Ta sha ruwa, ta jira 'yata ta fita tsakar gida, sannan ta kama hannuna ta tura shi ƙarƙashin rigarta, gefen nononta na hagu. Na ji wani ƙullutu mai tauri, bai fi ƙwallon dabino ba, ba ya motsi.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun muna dashen tattasai."

"Shi ne sai yau? Yana ciwo?"

"Ko kaɗan, Yaya. Shi ya sa ban damu ba."

Washegari na kai ta asibiti. Likitar mace ce matashiya, daga Yamai aka turo ta, Hausarta irin ta mutanen yamma. Da muka shiga ta dube ni ta dubi ƙanwata, ta yi dariya ta ce wacece mara lafiyar. Ta duba ta a tsanake, sai dariyar ta tafi. Ta rubuta takarda biyu. Ta farko ta zuwa Damagaram ce, inda za a sa allura a ɗebo ɗan nama daga ƙullutun a auna, don ta haka kaɗai ake tabbatar da kansa ce ko ba ita ba ce. Ta biyun kuma ta ce ganin dama ne. Ita da wasu abokan aikinta na nesa suna gwada wata sabuwar hanya ta neman alamar kansar nono a cikin jini, in ƙanwata ta yarda ta dawo ran Alhamis ta sama a ɗebi jininta. Sai dai lallai ranar, domin ranar ce kawai akwatin ƙanƙarar da ake sa jinin a ciki ke bin jirgi.

Ba zan ɗora wa likitar laifin da ba nata ba. Sau biyu ta faɗa cewa gwajin jinin sabo ne, ana kan bincikensa, ba ya maye gurbin zuwa Damagaram. Ni ce ma na juya wa ƙanwata maganar da Barbarci, kalma bayan kalma. Amma ƙanwata tana jin Damagaram da allura ta ɗaure fuska. Akwai wata mata a ƙauyensu da aka kai can, ta dawo ba nono ɗaya, kuma duk da haka ba ta ga wata damina ba. A ƙofar asibiti ta ce mini, "Bari mu ga abin da jini zai ce tukuna." Na ce to, don na ga ko wannan ma na samu.

Alhamis ɗin ta faɗo daidai kan tsinkar farko. Wanda bai san noman tattasai ba zai ce a ɗaga mana kwana ɗaya. Ba a ɗagawa. Gona ta yi ja, an gayyato mata masu tsinka daga ƙauyuka biyu, kuma ƙanwata ce ke dafa musu, ita ke tsayawa a kan shanya. Ga babur an hana hawa, mota kuma ba ta shigowa gari daga wajensu sai ranar kasuwa. Da hantsin Laraba ta kira ni, ina jin ƙarar injin ban ruwa a bayanta.

"Yaya, katin asibitin yana ɗakinki, cikin kwanon da ke kan kabad. Ki je mini."

"Jini ne fa za a ɗiba."

"To, naki da nawa da bambanci ne? In akwai abu a jinina ai yana cikin naki."

Abin da ke cin raina har yau shi ne ban yi ko gardama ba. Ni da na koya wa 'yan aji shida yadda zuciya ke harba jini, na zana musu huhu a allo da alli mai launi, na ji maganarta ta zauna mini daram. Ciki ɗaya, mahaifa ɗaya, fuska ɗaya. Na ma ji daɗi an samu aikin da zan iya yi mata.

Da safe na cire tabarau, na yafa lafayar da ta bari a gidana, na tafi. Likitar ba ta nan, wani ma'aikaci ne a ɗakin ɗiban jini. Ya kira sunanta na amsa. Na karya harshe na yi Hausa irin tata, mai nauyin Barbarci. Ya miƙo takardar yarda ya tambaya ko na iya sa hannu, na ce a'a, na dangwala yatsa a tawada, ni da na shekara talatin ina sa hannu da jan biro a littattafan yara. Ya ɗaure mini dantse, ya cika 'yan kwalabe biyu, ya manna sunanta a jiki. Na dawo gida ina jin na yi wayo.

Sakamakon ya ɗauki kusan wata biyu. Da na karɓo ambulan ɗin na buɗe shi tun a bakin titi. Layin da aka buga da Faransanci ya ce ba a ga alamar da ake nema ba. A ƙasa likitar ta ƙara da hannunta, har ta ja layi, cewa duk da haka a tafi Damagaram ba tare da jinkiri ba. Na kira ƙanwata na karanta mata layin farko da ƙarfi. Kafin in kai na biyu ta rangaɗa guɗa, ina jin mata a gona suna tambayar me ya faru. Na faɗi na biyun, amma a sanyaye, kamar mai karanta abin da ke bayan kwalin magani. Ta ce, "Su likitoci ai ba su ƙi kullum mutum yana hanya ba."

Ta yi sadakar masa ran Juma'a. Labari ya zaga ƙauyen da na kusa da shi cewa an kai jininta har ƙasar waje an auna, an ce lafiya lau. Maigidanta ya aiko mini da buhun tattasai na godiya. Ni ma hankalina ya kwanta, ba zan ɓoye ba. Takardar Damagaram ta koma cikin kwano a kan kabad.

Tattasai ya ƙare, kogi ya janye, zafi ya zo ya wuce, aka yi ruwa, aka sake zuba iri. Duk lokacin da na tambaye ta sai ta ce yana nan yadda yake. Ashe ba yadda yake ba ne. Da ta zo gari bayan dashe, na ga tana ɗaga tulu da hannun dama kawai. Na ja ta ɗaki na ce ta cire riga. Fatar wajen ta tattare ta yi ƙananan ramuka irin na ɓawon lemo, kan nonon ya shige ciki, ga wani ƙullutun a hammata. Na zauna a bakin gado.

Likitar ta gane mu tun daga ƙofa. Da ta duba ta gama, ta wanke hannu ta daɗe tana gogewa.

"Madam," ta ce da ni, "ke da kika yi lakwal, me na rubuta a ƙasan takardar nan? Kusan shekara guda!"

Ta jawo fayil ɗin ta buɗe, ta dubi sakamakon jinin, ta girgiza kai. Ta ce, kamar da kanta take magana, gwajin yakan kuskure, amma ba ta so a ce ya kuskure a nan ba, dole ta rubuta wa abokan aikinta cewa ga mace da ciwon a jikinta jini bai nuna ba. Ta ɗauki biro. A nan ne na ga ƙaryata za ta bi jirgi ta tafi har inda ban sani ba, ta shiga lissafin wasu matan da ban taɓa gani ba.

"Lokotoro, kar ki rubuta," na ce. "Ba jininta ba ne. Nawa ne."

Ta ajiye biron. Na zata za ta yi faɗa, kuma da ta yi da na fi samun sauƙi. Sai kawai ta tambaya don me. Na ce tsinkar farko ce, ba mota, kuma mu tagwaye ne, jininmu ɗaya. Ina faɗa ina jin yadda maganar ta yi ƙanƙanta a cikin ɗakin.

Ta jingina da kujera, da gani ita ma a gajiye take. Ta ce ba mu yi kuskure duka ba, irin tagwayenmu ƙwayoyin gadonsu iri ɗaya ne, abin da aka rubuta mini a jiki shi aka rubuta mata. Sai ta ce, tunda ni malama ce, in tuna littafin karatu guda biyu da aka buga rana ɗaya, aka ba yara biyu. Bayan shekaru rubutun ciki bai canza ba, amma wannan an ja layi a wasu shafuka, wancan an naɗe wasu, wasu shafukan ma sun manne ba a iya buɗe su a karanta. Haka jiki yake yi wa ƙwayoyin gado, yana ɗora musu ƙananan alamomi da ke cewa a karanta nan, a rufe can. Shekaru na sa su, abinci, haihuwa, hayaƙi, wahala, da abubuwan da har yanzu ba a gano ba. Ta faɗi sunan ilimin da Faransanci, epijenetik, na maimaita a raina kamar ɗaliba.

A cikin ƙullutun kansa, ta ce, alamomin nan sukan rikice, har su rufe shafin da ke hana tsoka girma ba tsari. Ƙullutun kuma yakan zubar da ɓurɓushinsa cikin jinin mai shi. Wannan ɓurɓushin, da alamominsa, shi gwajin ke nema. "Ke ba ki da ƙullutu, Madam. Me kike so a gani a jininki?"

Ƙanwata ta taɓo ni ta ce in faɗa mata abin da ake cewa. Na juya mata da Barbarci, na rasa yadda zan yi da littafin, don ita ba ta daɗe da littafi a hannu ba. Ta saurara har na gama. Sai ta ce, "Wato na'urar nan ta rabon abinci lafiyarta ƙalau."

Da za mu fita likitar ta tsayar da ni. Ta ce ko da jinin ƙanwata aka ɗiba, ba ta da tabbacin gwajin zai nuna, shi ya sa ma ta ja layi a ƙasa. Na san don ta rage mini nauyi ta faɗa, kuma na san gaskiya ta faɗa. Amma da ya nuna fa? Da ko bai nuna ba, da ni ban karanta layin farko da ƙarfi na biyu a sanyaye ba fa? Na yi mata godiya, ban ɗauki sauƙin ba.

Abin da ya biyo baya hanya ce, kuma ba na son tuna tsawonta. Damagaram aka ɗebi naman, aka tabbatar. Daga can aka tura mu Yamai. Wanda ya taɓa zama a bas daga Diffa zuwa Yamai da lafiyarsa ya san yadda ƙugu ke yi, balle da mara lafiya a kafaɗa, ana sauke ku a kowane shinge a duba katin shaida. Sojoji kan dubi katunanmu biyu masu hoto ɗaya su yi murmushi. Bayan an yi mata aiki an cire nonon, aka fara ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, sojojin suka daina murmushin. Ta rame, ta yi duhu, girarta ta tafi. Wata rana wani soja ya dube ta ya dube ni ya ce, "Hajiya, mamarki ce?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce, "Kin ji, Yaya? Yau na girme ki."

Ba ta taɓa cewa laifina ne ba. In na ɗauko maganar sai ta ce ita ta aike ni, ɗan aike ba ya da laifi, in rufe mata baki. Na fi son ta zage ni. Sau ɗaya, muna zaune a benci muna jiran a kira ta ƙarin ruwa na huɗu, ƙamshin ɗakin kaɗai ya sa ta fara yunƙurin amai. Da aka kira sunanta ba ta tashi ba. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Yaya, yau ba za ki shiga mini ba?" Da wasa ta faɗa. Na kama hannunta na raka ta har bakin ƙofa, inda ake tsayar da 'yan rakiya, na koma benci na zauna.

Ciwon ya riga ya kai ƙashi. Likitocin Yamai ba su ce mana mun makara ba, sun dai ce mu koma gida ta huta, kuma mun gane. Ta ƙi a kai ta ƙauye don kar jikokinta su gan ta a haka. A ɗakina ta kwanta, ƙarƙashin kabad ɗin da kwanon yake. Ta rasu da hantsi, lokacin sanyi, tattasai ya sake yin ja a bakin kogi. Ni na yi mata wanka da wasu mata biyu. Na wanke ƙafafun da suke irin nawa, da tabon ƙaya a diddige wanda ni ba ni da shi, da hannayen da wuta da gona suka taurara. Shekara hamsin ina cewa jikinmu ɗaya, sai ranar na duba shi da kyau.

Yanzu likitar ta sa ni zuwa awo duk shekara, ta ce kasancewata tagwai ɗinta ya sa dole a sa mini ido. Ina zuwa. Ina amsa sunana, ina sa hannu da biro. Kullum a ce ba komai, in ce alhamdulillahi, in dawo gida in kwanta kamar wadda ta yi dakan gero.

Watanni bayan rasuwar na shiga kasuwa ranar da motocin ƙauye ke shigowa. Na manta tabarau a gida, kuma lafayarta ce a jikina, don tun da ta tafi na fi yafa nata. Ina wucewa ta rumfunan tattasai, inda yaji ke sa kowa atishawa, sai wata tsohuwa ta riƙo hannuna. Na gane ta, tana cikin matan da ke zuwa tsinka daga ƙauyen gaba. Ta yi shekara biyu a wajen ɗanta a Mainé, labari bai kai mata ba.

"Wushe, wushe!" ta gaishe ni da Barbarci, tana jijjiga hannuna. "Ashe kin tashi! An ce an kai ki Yamai, na ce ƙarya ne, matar da aka auna jininta har ƙasar waje aka ce lafiya lau? Dubi yadda kika yi ƙiba. Ina Yayarki malama?"

Na buɗe baki in gyara mata. Na ga zan fara daga farko, daga kwanon kan kabad, daga tsinkar farko, a tsaye cikin rana da yaji, kuma ba ni da ƙarfin. Fuskar tsohuwar cike take da murna.

"Tana nan," na ce, da muryar ƙanwata. "Ta gaji ne kawai."

Ta ce in gaishe ta. Na ce za ta ji.